Ni da Surukina a Bakin Ramin Famfo

Gidan da aka kai ni aure a Bukuru tsohon gidan kamfanin kuza ne, ginin dutse mai jan kwano, da murhun ɗumama ɗaki a falo wanda ba a ƙara hura masa wuta ba tun tafiyar Turawa. Ranar da na fara zaga gidan, abin da ya tsayar da ni wata ƙofa ce a bayan kicin. In ka buɗe ta, matakala goma sha ɗaya ce take gangarawa cikin ƙasa. Ni 'yar unguwar Kwararafa ce a cikin Jos, na san ɗakin ƙasa na san ɗakin bene, amma ban taɓa ganin ɗakin da aka binne ba. An ce Baturen da ya fara zama a gidan kwalabensa yake ajiyewa a can. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, dankalin Turawa take ajiyewa. Takan saro shi lokacin da ya cika kasuwa, a jera mata buhunan a kan katako, sanyin wurin ya riƙe mata shi wata da watanni.

Damina ce kawai matsalar ɗakin. Da an shiga watan bakwai ƙasa ta ƙoshi, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin daɓe. Saboda haka aka haƙa rami a kusurwa, zurfinsa ya kai ƙugun mutum, ruwan ya riƙa taruwa a ciki. A cikin ramin akwai famfo mai aiki da lantarki, irin wanda ake nutsarwa a ruwa. Yana da wani ƙwallo na roba a gefensa. In ruwa ya taso ya ɗaga ƙwallon, famfon ya tashi da kansa, ya tura ruwan ta bututu zuwa kwatar bayan gida. Bakin ramin kuwa wani ruɓaɓɓen katako aka ɗora masa, ya rufe rabi ya bar rabi.

Mahaifin mijina, Baba, ya yi shekara talatin da wani abu yana kula da manyan famfunan ramukan kuza. Lokacin da na zo gidan yanar ido ta riga ta ci ƙarfinsa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Yakan wuni a baranda da rediyonsa da hular sanyi. Wata takwas na yi a gidan, gaisuwa ce kawai take haɗa ni da shi. In durƙusa daga nesa in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, in tashi. In zan gifta ta gabansa sai na cire takalmi na riƙe a hannu, ko da yake ba ganina yake ba. Shi ma in yana da saƙo gare ni, Inna yake bai wa. Ba wanda ya ga aibun haka, haka muka taso muka ga ana zaman surukuta.

Wata Asabar a watan takwas, makarantar firamaren da nake koyarwa tana hutu, an kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Mijina direban babbar mota ne, ya tafi kudu da lodin kabeji da karas. Muna karyawa sai na ji Baba daga baranda yana ce wa Inna, "Famfon nan ba ya ja. Gurnani kawai yake yi."

Inna ta ce ita ba ta jin komai sai ruwa a kan kwano.

"Ai ko jiya ba ki ji ba," in ji shi. "A leƙa dai."

Ni aka aika. Na sauka da tocila, na tsaya a matakalar ƙarshe. Ruwa ya shafe daɓen gaba ɗaya, saura kamar yatsa uku ya taɓa katakon da buhunan suke kai. Daga kusurwa famfon yana ta nishi kamar mai mura.

A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba. Guda ɗaya ce a gidan, kuma sai an fita bakin ƙofar waje ake samun sabis. Na tsaya a can da lema na kira mijina. Ya ce ya wuce Lokoja, a nemo mai gyaran famfo. Aka tambaya, aka ce mai gyaran ya tafi ƙauyensu noma.

"Ko yana nan ma," in ji Baba. "Wancan karon da guduma ya zo. Ni zan gyara. Ido kawai nake nema da hannu."

Inna tana da ciwon gwiwa, ta fi shekara ba ta sauka matakalar nan ba. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Abu na farko da Baba ya sa aka yi shi ne kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya ce ba wanda zai sa ƙafa a ruwan nan sai ya ji fis ɗin mitar wuta a tafin hannunsa. Na ciro na bai wa Inna, Inna ta ba shi, ya jefa a aljihu. Na shiga ɗaki na zura wandon mijina a ƙarƙashin zani, na sa takalmin ruwansa wanda ƙafafuna biyu za su iya shiga ɗaya. Baba ya lallaɓa bango ya sauka da kansa, ya zauna a matakala ta uku daga ƙasa, akwatin kayan aikinsa a kan cinya. Na rataye fitilar ƙwai a ƙusa. Inna ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa can sama.

"Ki ce mata ta nemi igiya," in ji Baba. "Tana ɗaure a bango, kusa da bututun."

"Wai ki nemi igiya," in ji Inna.

"Inna, na gan ta."

"Wai ta gan ta."

Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba, amma kowace magana sai ta hau matakala ta sauko. Da farko Inna tana isar da saƙo yadda aka ba ta. Da tafiya ta yi tafiya ta fara sa nata.

"Ki ce mata ta kwance bututun daga mahaɗa, kuma da igiya za ta jawo famfon, ba da wayar wuta ba."

"Wai ki kwance bututun, ki ja da igiya, kuma ki fara matsar min da buhun can na gefe."

"Ban ce ba," in ji Baba.

"Ni na ce."

Ana cikin haka wasu mata suka yi sallama, masu sarin dankali daga kasuwa. Inna ta ce tana zuwa, ta tashi ta bar mu. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa. Na tsaya riƙe da igiya, shi yana zaune yana fuskantar bango. Can ya yi gyaran murya, ya ce wa bangon, "A ja a hankali."

Na ja. Abin ya fi yadda na zata nauyi. Ya fito baƙi ƙirin, laka tana zuba daga jikinsa. Ni ma na ce wa bangon, "An ja."

"A sa shi a baho, a kawo nan."

"An kawo."

Haka muka yi ta yi, a ɗauko, an ɗauko, a riƙe, an riƙe, kamar akwai wani mutum na uku a ɗakin da yake yin aikin. Wataƙila da haka za mu ƙare har yamma, ba don kwaɗo ba. Na sunkuya zan ɗauraye hannu sai wani ƙato ya yi tsalle daga bakin ramin ya faɗa cikin takalmina na dama, inda dama akwai fili. Ban san lokacin da na yi ƙara ba. Na yi wurgi da takalmin, na haye matakala da ƙafa ɗaya, na damƙe abin da hannuna ya fara samu. Kafaɗar Baba ce.

"Maciji ne?" Ya riga ya ɗaga sifana.

"Kwaɗo ne, Baba."

Sai kafaɗar da nake riƙe da ita ta fara rawa. Ya yi dariya har ta koma tari, ya cire hular sanyi ya share ido da ita. Na saki kafaɗar, kunya kamar in nutse a ramin in maye gurbin famfon.

"Malama guda," in ji shi, "mai aji cike da yara. To je ki ɗauko takalminki. Ki zazzage shi tukuna. Sannan ki miƙo min sukundireba mai bakin giciye."

Na miƙa masa na ce, "Ga shi, Baba." Daga nan ba mu sake yi wa bango magana ba.

Ban taɓa ganin hannu mai gani irin nasa ba. Ya bi jikin famfon da yatsu, ya kama kowane noti ba lalube. Ya ɗaga shi kusa da kunne ya girgiza, ya ce ruwa bai shiga injin ba, da sauƙi. A gindinsa akwai rariya ta ƙarfe, ita ke hana datti shiga. Ya nuna min sukurori huɗu da suke riƙe da ita, ya ce in kwance in zuba su a murfin gwangwani, don in ɗaya ya faɗa ruwan nan sai dai mu yi masa addu'a. Da rariyar ta fita na ga abin da ya toshe ta: laka, ɓawon dankali, da zaren buhu dunƙule guda kamar an tsefe kan tsohuwa.

"Me kika gani?"

Na faɗa masa.

"Zaren buhu," ya ce, da ɗan ƙarfi, yana ɗaga kai wajen ƙofa. Ba a amsa daga sama ba. Ya ce ba komai, zai maimaita in ta dawo.

Bayan rariyar akwai farfela, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, ita ke juyawa ta tura ruwa. Ya sa yatsa ya taɓa ta, ta ƙi motsi. Ya zura bakin sukundireba ya ɗan karkata, sai wata tsakuwa ta faɗo, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya lalubo ta a cinyarsa ya ɗora min a hannu. Ya ce ita ce ta tsayar da gidan nan kwana biyu. Sauran zaren da ya nannaɗe a wuyan farfelar ni na yanke shi da reza, ina yi yana cewa in bi a hankali, akwai roba a bayan wurin, in na yanke ta famfon ya gama yawo. Na hau na ɗumamo ruwa, na wanke komai da garin sabulu da tsohon buroshin haƙori, har ƙwallon robar, wanda ashe ja ne. Na kuma kwance bawul ɗin da ke jikin bututun, wanda ke barin ruwa ya hau ya hana shi dawowa, na wanke na naɗa masa farin tef na mayar.

Sai ramin kansa. Wannan ba dabara a ciki, bokiti ne da matakala. Na ƙirga har ashirin da wani abu na daina. Da ruwan ramin ya yi ƙasa, na daɓen ya fara gangarowa ciki, katakon Inna ya tsira. A ƙarshe na shiga ramin da kwano ina kwaso lakar gindinsa. Baba ya ce in ba shi kaɗan. Ya murza a tsakanin yatsu, ya auna nauyinta a tafin hannu.

"Akwai kuza," in ji shi. "Zuba a kwanon, ki sa ruwa, ki riƙa juyawa kina zubar da na sama."

Na yi ta juyawa. Jar ƙasa ta tafi, farin yashi ya tafi, aka bar wani baƙin yashi mai sheƙi a gindin kwanon, bai fi cokalin shayi ba, amma da nauyi. A garin kuza aka haife ni, ranar na fara riƙe shi a hannu.

Ya tambaye ni ko na san tafkin da ke hannun hagu in an fita Bukuru za a shiga Jos, wanda masu lambu suke ban ruwa da shi da rani. Na ce na sani. Ya ce shekara tara ya yi a gindinsa, lokacin ba tafki ba ne, rami ne mai mutane kamar kasuwa, da famfo uku kowanne ya kai girman ɗakin nan. In ɗaya ya canza murya, daga gida yake ji. Ranar da aka ce a kashe su, shi ya kashe na ƙarshe, bai yi wata guda ba ya dawo ya tarar agwagin ruwa suna iyo a inda yake shimfiɗa buzun salla. Sannan ya ce a bakin wancan ramin Inna take sayar da masa.

"Masar ba wani daɗi, amma kullum sai na saya."

"Ina jin ka," in ji Inna daga sama. Ashe ta dawo.

"To tunda kina ji, zaren buhunki ne ya toshe famfon."

Ta ce buhunanta ba su da ƙafa, ramin ne ba shi da murfi, kuma shekara nawa tana faɗa. Baba ya juyo wajena ya ce ƙasa-ƙasa, "A nan ta fi ni gaskiya. Gobe mu rufe shi."

Muka jera bulo biyu a gindin ramin don famfon ya zauna a kai, kada ya ƙara kwana cikin laka. Na sauke shi da igiya, na haɗa bututun, na tabbatar ƙwallon yana da filin hawa da sauka ba ya gogar bango. Muka hau sama, Baba ya fito da fis daga aljihu, na mayar. Babu wuta. An ɗauke tun muna ƙasa. Muka yi salla muka ci abinci, sai wajen la'asar rediyon falo ya yi magana da kansa. Inna ta ɗauki lema ta tafi bakin kwata ta zama mai kawo rahoto, ni da Baba muka tsaya a matakala. Ramin ya riga ya sake tara ruwa, famfon ya tashi, muryarsa sumul.

"Ya zo?" Baba ya ɗaga murya ya tambaya.

"Ko ɗigo," in ji Inna.

Ya karkata kai ya saurara. Ya ce in kashe. Sannan ya ce, "Malama, kibiyar da ke jikin bawul ɗin, ina take kallo?"

"Akwai kibiya?"

"Akwai."

Na haska tocila. "Ƙasa take kallo, Baba."

"To ƙasa kika ce wa ruwan ya tafi, kuma can yake."

Na fara ba da haƙuri, ya katse ni. Ya ce laifin wanda bai faɗa ba ne, kuma shi ranar da ya yi irin wannan, mutum arba'in ne suke tsaye suna kallonsa, ni kuwa makaho ɗaya ne shaidata. Aka sake cire fis, na juya bawul ɗin, aka mayar. Wannan karon ba mu tambaya ba, mun ji Inna tana korar kaji daga bakin kwata, tana cewa ruwan ya jiƙa mata zani.

Washegari aka yi rana kaɗan. Baba ya sa na jawo murfin wata tsohuwar durom daga bayan sito, faɗinsa ya ɗan fi bakin ramin. Na kai wa mai walda a bakin titi ya huda shi wuri biyu, ɗaya na bututu ɗaya na waya, ya tsaga shi daga gefe don ya shiga ba sai an kwance komai ba. Daga nan na biya wurin mai faci neman tsohon tiyub na babbar mota da gam. Mutumin ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya dube ni da mayafi da murfin durom a hammata.

"Madam, oga ne ya aike ka?"

Na ce masa yau ni ce ogan. Ya ƙara min guntun tiyub kyauta, ya ce in gaishe da injiniya.

Bakin ramin duk ya farfashe, sai da muka kwaɓa siminti muka yi masa sabon leɓe. Ni nake shafawa da cokalin magina, Baba yana bin bayana da tafin hannu yana cewa nan ya yi tudu, nan ya yi kwari. Sau uku ya sa na kankare wani gefe. Muka bar shi kwana biyu ya sha iska. Ranar Talata na yanka tiyub ɗin da almakashin ɗinki na Inna, ba da saninta ba, na fitar da zobe na manna a ƙarƙashin murfin, na yanka ƙanana na naɗe wuyan bututun da na wayar, na toshe tsagar da wani. Da muka ɗora murfin ya zauna daram. Baba ya danna shi ta kowane gefe, ya zagaya bakinsa da jiƙaƙƙen yatsa yana neman inda iska ke fita. Muka ɗora dutse a kai.

Ranar Laraba mijina ya dawo. Ya shigo kicin da ledar burodi ya ji murya biyu suna musu a ƙarƙashin ƙasa. Baba ya ce lalle sai an huda ƙaramar ƙofar iska a murfin, in ba haka ba famfon zai riƙa shaƙewa. Ni kuma na ce in aka huda, sauro ya samu ƙofa, wahalar kwana huɗu ta tashi a banza. Mijina ya tsaya a saman matakala yana kallon Inna. Ta ce masa kada ya sa baki, tun safe suke yi. A ƙarshe aka huda, da ƙusa, na manna guntun gidan sauro a kai. Kowa ya ce shi ya ci.

Tun daga shekarar, kafin ruwan farko ya sauka, ni da Baba mukan sauka mu ɗaga murfin, mu wanke rariya, mu zuba bokiti biyu mu ji ko ƙwallon yana tashi. Gaisuwata daga nesa ba ta canza ba, har yanzu ina durƙusawa, sai dai bayan ina kwana yakan ce in tsaya in ji abin da aka faɗa a rediyo.

Ƙarshen hutun nan na je gida Kwararafa. Mahaifiyata ta kama hannuna ta ga farcena duk ya karye, siminti ya busar min da fata. Na ba ta labari tun daga farko. Da na kai wurin kafaɗa ta saki hannun ta kama haɓa.

"Kafaɗar surukinki kika riƙe?"

"Kwaɗo ne, Umma."

Ta ce ita shekara ashirin ta yi da kakana na wajen uba a gida ɗaya, bai taɓa jin dariyarta ba. Ta yi ta faɗa, ta ce zamani ya lalace, ta ce in na koma in san inda nake sa ƙafa. Ta zuba min shinkafa da wake ta zauna tana kallona ina ci. Da na kusa gamawa ta ce, "In kin wanke hannu, ki duba min famfon tsakar gidan nan. Wata biyu ke nan yana ɗiga."